Sifa da 'Yan Rakiyar Suna: Me Ya Sa Ɗan Firamare Ke Tuntuɓe a Kansu?

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin rubutun ɗan aji huɗu ko biyar a firamarenmu ya san irin jimlolin da ke cike da shi: "I buy book", "Close door", "My father is teacher", "She is girl beautiful". Amma wannan yaron, idan ka tashe shi tsaye ka ce ya faɗi ma'anar sifa da Turanci, zai rero maka ita tsaf kamar karatun allo: "An adjective is a word that qualifies a noun." Ka tambaye shi ƙananan kalmomin nan da ke raka suna guda nawa ne, kafin ka rufe baki ya ce uku ne, "a" da "an" da "the". Hadda ta zauna daram, aiki da ita ne babu.

Ba ƙwaƙwalwar yaron ce ta gaza ba. An ba shi bayani ne da harshen da bai gama mallaka ba, kuma kalmar "qualifies" kaɗai ta fi abin da ake son bayyana masa wuya. Alhali tun yana ɗan shekara uku yake cewa "jar alewa nake so", yake kuka a kan an ba yayansa babban nama shi an ba shi ƙarami. Ya kuma san sarai cewa "wani mutum ya zo" daban yake da "mutumin ya zo". Na farko baƙo ne, na biyu kuwa wanda aka yi maganarsa ɗazu ne. Tunanin da ake buƙata yana nan cikin kansa da Hausa. Aikin malami shi ne ya fito masa da shi fili, ya nuna masa inda Turanci ya bi hanya ɗaya da Hausa, sannan ya tsaya sosai a inda suka rabu.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, waɗannan darussa biyu da ake yawan jerawa kusa da juna ba nauyinsu ɗaya ba. Sifa mai sauƙi ce, ana iya kama ta cikin 'yan makonni. Su kuwa 'yan rakiyar suna, har masu digiri suna tuntuɓe a kansu.

Mu fara da mai sauƙin. Asalin sifofin Hausa ba su da yawa: fari, baƙi, ja, babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, ɗanye, mugu da 'yan uwansu. Kuma suna da wurin zama biyu. Suna iya gabatar suna tare da mahaɗi, wato -n ko -r da ke haɗa sifa da suna, a ce farin doki, farar riga, fararen kaji. Suna iya biyo bayansa, a ce doki fari, riga fara. Turanci ƙofa ɗaya ya buɗe, sifa a gaba suna a baya. Don haka malami mai dabara daga "farin doki" zai fara, domin kalma bayan kalma ya yi daidai da "white horse". Sai kuma ya yi wa yara albishir ɗin da ba a cika yi musu ba: sifar Turanci ba ta sauya kama. Mu muna da sabo, sabuwa, sababbi, su "new" ce kawai, ko namiji ne ko mace ko jam'i. Yaro yana jin daɗin a gaya masa cewa akwai wurin da harshensa ya fi Turanci wuya, kuma shi ya riga ya iya mai wuyar.

Matsala tana fitowa ne daga wani wuri dabam. Yawancin halayen da Turanci ke faɗa da sifa, Hausa da suna take faɗarsu: kyau, zafi, sanyi, nauyi, tsada, daɗi, ƙoƙari. Idan za mu siffanta abu da su sai mu kawo "mai" ko "masu" ko "marar", kuma kullum a bayan suna suke zama: ruwa mai sanyi, yarinya mai kyau, takalma masu tsada, miya marar gishiri. Daga nan "girl beautiful" da "water cold" suka samo asali. Yaron bai yi shirme ba, jerin kalmomin harshensa ya bi. Ƙidaya ma haka take, muna cewa awaki uku, su kuma ukun ce ke gaba. Sannan ga "yana da": jakar tana da nauyi, shayin yana da zafi. Yaro ya riga ya koyi cewa "yana da" ita ce "has", sai ya rubuta "The bag has heavy". Idan ba a zaunar da shi an nuna masa cewa a nan Turanci "is" yake so ba, zai yi shekaru yana maimaitawa. Abin da ke magance wannan shi ne a jera masa su bibbiyu a allo, ya gani da idonsa: ruwa mai sanyi ga "cold water", ruwan yana da sanyi ga "the water is cold". A yi da shayi mai zafi, a yi da buhu mai nauyi, har kunnensa ya saba.

Kwatanci ma yana da nasa tarkon. Bahaushe da aikatau yake kwatanta abu biyu: Audu ya fi Bala tsawo. Kalmar "tsawo" ba ta motsa ba, "fi" ce ta ɗauki aikin. Turanci kuwa jikin sifar yake taɓawa, "tall" ta koma "taller", doguwar kalma kamar "beautiful" a sa mata "more" a gaba, wasu kuma su sauya gaba ɗaya, kamar "good" da "better" da "best". Yaron da ke neman madadin "fi" sai ya cafke "more" ya liƙa ta ko'ina, shi ya sa kake jin "more taller". A ganina wannan ba darasin ƙananan azuzuwa ba ne, kuma idan lokacinsa ya yi, a fito da yara uku gaban aji a jera su bisa tsawo, ya fi shafi guda na tebur amfani.

Akwai kuma teburin nan na jerin sifofi da wasu littattafai ke kawowa, mai nuna cewa ra'ayi ne ke fara zuwa, sai girma, sai shekaru, sai siga, sai launi, sai asali, sai abin da aka yi abu da shi. Gaskiya ne Bature yana cewa "big red ball", ba ya juya ta. Amma ɗora wa ɗan firamare haddar wannan jeri ɓata lokaci ne. Ya san cewa girma yana gaban launi, ya wadatar. Abin da kawai za a ja hankalinsa a kai shi ne mu muna iya raba su, ɗaya gaba ɗaya baya, mu ce ƙaton sa baƙi, su kuwa dole dukkansu su taru a gaban suna.

Yanzu mu zo kan mai wuyar.

Kalmar "the" ita ce ta fi kowace kalma yawan fitowa a Turanci. Ba shafin da za ka buɗe ba ka gan ta birjik ba. Duk da haka, ko yaran da Turanci ne harshen uwarsu ba da ita suke fara ƙwarewa ba. Masanin halayyar ɗan Adam Roger Brown na Jami'ar Harvard ya daɗe yana bin diddigin maganar yara uku, ya fitar da sakamakon a 1973. Ya jera ƙananan ƙwayoyin nahawu 14 bisa tsarin da yaran suka ƙware a kansu, 'yan rakiyar suna suka zo na 8, bayan ɗafin "-ing" da ɗafin jam'i da wasu. Waɗannan yara ne da ke jin "a" da "the" tun daga wayewar gari har su kwanta, kuma ba wanda ya taɓa rubuta musu doka a allo. Ta kunne suka ɗauka. To ina ga namu yaron, wanda sau da yawa Turancin da zai ji a yini bai wuce na darasi ɗaya ba? Wanda ya ba wannan darasi mako guda ya wuce, bai yi wa yaron adalci ba.

Bambancin "a" da "an" shi ne ɓangaren da ake ɗauka an gama da shi, kuma a nan ne aka fi koyar da abin da ba daidai ba. Dokar da ta yaɗu ita ce idan kalma ta fara da harafin a, e, i, o ko u, sai a sa "an". Dokar gaskiya ba ruwanta da harafi, sauti take bi. Ana cewa "an hour" da "an honest man" domin harafin h a cikinsu ba a furta shi. Ana cewa "a uniform" da "a university" domin da sautin y suke farawa a baki. Kuma Hausa ta riga ta yi wa malami rabin aikin, domin da muka ari waɗannan kalmomi ta kunne muka are su: muna cewa awa, ba h a ciki, muna cewa yunifom, da y a farko. Malamin da ya tambayi aji "da Hausa me muke cewa?" ya gama bayanin cikin minti ɗaya.

Akwai wani dalili mai zurfi da ya sa yaranmu ba sa jin buƙatar "an". A Hausa babu kalmar da ke farawa da wasali tsirara. Kalmomi irin su ido, uwa, abinci, duk akwai 'yar hamza a farkonsu wadda muke furtawa amma ba ma rubutawa. Bature yana sa n ɗin ne don wasali biyu kada su yi karo a bakinsa. Bahaushe kuwa da kansa yake tsarma hamzarsa tsakani, ya ce "a egg" ba tare da ya ji wani nauyi ba. Kunnensa ba zai taɓa gaya masa ya yi kuskure ba. Saboda haka sai an sa yara sun yi ta furta su a haɗe, da numfashi ɗaya, kamar kalma guda: "anegg", "anorange", "anumbrella". A nan ne kuma darasin sifa da wannan suke haɗuwa, domin ɗan rakiya kalmar da ke dab da shi yake duba, ba sunan ba. Ana cewa "an egg" amma "a big egg", ana cewa "a man" amma "an old man". Wannan misali ɗaya ya isa ya rusa tunanin cewa kowane suna yana da ɗan rakiyarsa na dindindin.

Batun furta "the" kamar "za", wanda ya zama ruwan dare a bakin Hausawa saboda babu wannan sauti a harshenmu, gyara ne na wata rana dabam. Yaron da ya sa kalmar a inda ya dace ya cancanci yabo, ko da harshensa bai taɓa haƙoransa ba.

Sai batun abin da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Ma'anar "a" a asali ita ce ɗaya, don haka ba ta raka abin da ba shi da ɗaya da biyu. Ruwa da shinkafa da sukari ba su da wahala, domin mu ma da mudu da kofi da cokali muke auna su. Wahalar tana wurin abubuwan da Hausa ke ƙirgawa Turanci ya ƙi. Muna aiken yaro ya sayo burodi biyu da sabulu ɗaya, muna ba mutum shawara ɗaya ko shawarwari. A Turanci "bread" da "soap" da "chalk" da "advice" da "furniture" duk ba a ƙirga su kai tsaye, sai an ce "a loaf of bread", "a bar of soap", "a piece of chalk". Babu wata hikima da za a warware wa yaro a nan, haka harshen ya zo. A ba shi su a dunƙule tare da ma'auninsu, kaɗan-kaɗan, waɗanda yake gani kullum.

Zuciyar al'amarin dai ita ce yaushe ake sa "a", yaushe ake sa "the", yaushe kuma ba a sa komai. Ana yawan cewa Hausa ba ta da irin waɗannan kalmomi. Maganar tana da gyara. Muna da wani da wata da wasu, da muke shigo da sabon abu cikin zance da su. Muna kuma da abin da masana nahawu ke kira madanganci, wato -n ko -r da muke ɗafa wa suna idan an riga an san shi: yaron, yarinyar, motar, littafin, da kuma "ɗin" a kalmomi irin su kwas ɗin. Duk mai ba da labari da Hausa yana wannan aiki ba tare da ya yi tunani ba. Wata mata ta zo, matar ta ce kaza. Wannan gada ce mai kyau ƙwarai, amma tana da ramuka uku, kuma malamin da bai san da su ba zai jefa yara ciki.

Rami mafi girma shi ne Hausa tana barin suna tsirara a wuraren da Turanci ba ya yarda. Na sayi littafi, ba wani ba madanganci, amma Turanci sai ya ce "a book". Rufe ƙofa, rana ta faɗi, liman ya iso, duk tsirara suke, amma a Turanci "the door" ne, "the sun" ne, "the imam" ne. Ke nan suna tsirara a Hausa yana iya zama ko wanne daga cikin biyun. Wannan shi ne tushen "Close door" da "I buy book". Dokar da ta fi kowace amfani ga ɗan Bahaushe ita ce a Turanci abu tilo da ake iya ƙirgawa ba ya tafiya shi kaɗai, dole wani abu ya raka shi, ko "a", ko "the", ko "my", ko "this". Na biyu, "wani" ba ta yi daidai da "a" a ko'ina ba. Babana malami ne, ba ka cewa babana wani malami ne sai in wata manufa ce da kai, amma Turanci dole ya ce "a teacher". Na uku kuwa a rubutu yake. Madanganci da mahaɗi kamarsu ɗaya a takarda, a karin sauti suka bambanta. Idan malami ya ce wa yara duk inda suka ga -n to "the" ce, me za su yi da farin doki, wanda zai iya zama "a white horse"? Har ila yau a Zazzau da Bauchi za ka ji ana cewa "rigan" a inda Bakano zai ce "rigar", don haka ba a ɗora doka a kan harafin, a kan ma'anar ake ɗorawa.

Abin da ya fi fassara aiki shi ne tambaya ɗaya da yaro zai riƙa yi wa kansa: wanda nake yi wa magana ya san wanne nake nufi? Idan ya sani, "the". Yana iya sani domin na ambata ɗazu, ko domin guda ɗaya ne a ɗakin kamar allo da ƙofa, ko domin guda ɗaya ne a duniya kamar rana da wata, ko domin shi ne ya fi kowa, kamar "the tallest boy". Idan bai sani ba, kuma abin tilo ne mai ƙirguwa, "a" ko "an". Idan jam'i ne ko marar ƙirguwa kuma maganar ta gaba ɗaya ce, a bar shi haka.

Na taɓa ganin wata malama ta koyar da wannan ba tare da ta rubuta ko kalma ɗaya a allo ba. Ta ciro jan biro daga jakarta ta ɗaga, ta ce "This is a pen", aji suka maimaita. Ta ajiye shi a kan tebur shi kaɗai, ta kira wani yaro ta ce "Give me the pen". Ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Sai ta ciro baƙin biro ta ajiye kusa da jan, ta kira wata yarinya ta sake cewa "Give me the pen". Yarinyar ta miƙa hannu, ta tsaya, ta dubi wannan ta dubi wancan, sannan a hankali ta ce, "Malama, wanne daga ciki?" Malamar ta ce, "Yauwa 'yata, tambayar da nake jira ke nan. The red pen." Cikin wannan ɗan lokaci yaran sun ga cewa "the" ba ta aiki sai an san wanne ake nufi, sun kuma ga amfanin sifa, cewa ita ce ke amsa "wanne?". Daga nan ta shiga ajiye kofuna da murafun kwalba da littattafai bibbiyu, yara na ta rige-rigen fitowa.

Wannan ne ya sa aikin cike gurbi, wanda shi ne ya mamaye littattafai da jarrabawa, ba ya koyar da wannan darasi. Idan aka rubuta "I saw ___ dog", ko wanne aka sa daidai ne, domin ba mu san abin da aka faɗa kafin nan ba. Amma malami yana da amsa ɗaya a takardarsa, sai ya soke ɗayar, yaro ya tashi da tunanin cewa abin sa'a ne. 'Yan rakiyar suna a cikin labari suke rayuwa, ba a jimla tilo ba. Mu kuwa Allah ya hore mana tatsuniya. A rubuta jimla uku da Hausa: Wani manomi ya sayi akuya. Akuyar ta tsinke igiya ta gudu. Har rana ta faɗi manomin bai gan ta ba. A sa yara su ja layi a ƙarƙashin wani, akuya, akuyar, rana, manomin. Sannan a gina na Turanci tare da su: "A farmer bought a goat. The goat ran away. The sun went down but the farmer did not find it." Za su ga "wani" ta zama "a", akuya tsirara ita ma ta zama "a goat", akuyar ta zama "the goat", rana tsirara kuma ta zama "the sun". Ɗan gajeren labari ɗaya ya ƙunshi gadar da ramukanta. Ga sifa kuma kacici-kacici ya fi komai: yaro ya ɓoye abu a aljihu ya ce "It is small, it is white, it is round", sauran su canka.

Na san akwai masu jin cewa shigo da Hausa ajin Turanci koma baya ne, har akwai makarantun da ke cin tarar yaro idan ya yi harshen gida. Damuwarsu tana da tushe, domin yaron da ba ya jin Turanci a gida yana buƙatar ya ji shi da yawa a makaranta, kuma malamin da ya mayar da darasin Turanci fassara zalla ya cuce shi. Amma minti biyu na bayani da Hausa, sannan sauran lokacin a yi ta furtawa da Turanci, wannan ba koma baya ba ne. Tun a 1977 manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a azuzuwan farko, kafin Turanci ya karɓa. Kafin nan ma, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwajin nan na Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan firamare, amma a 2025 ta janye ta, takaddama kuma ba ta mutu ba. Ko ina aka karkata, yaro ba ya ajiye Hausarsa a ƙofar aji. Ko malami ya yi aiki da ita a fili, ko ita ta yi nata aikin a ɓoye cikin kurakuran yaron. Abin da ke damuna shi ne malamin Turanci da yawa Hausar a bakinsa kawai take, ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa nahawunta gefe da gefe da na Turanci ba. Wannan aiki ne na kwalejojin ilimi da masu shirya bitar malamai.

Akwai wata gadar kuma da yaranmu ke tafe da ita daga Islamiyya. Wanda ya fara nahawun Larabci ya san nakira da ma'arifa, ya san "kitabun" wani littafi ne, "al-kitabu" kuwa sananne ne. Ambaton wannan kaɗai yana buɗe wa manyan yara ido. A dai tuna musu cewa a Larabci sifa tana bin suna a baya kuma ita ma tana ɗaukar "al", Turanci kuwa sau ɗaya yake sa "the", can a farko.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu karatu da Faransanci, nasu lissafin ya juya. Sifa ta fi zo musu da sauƙi, domin yawancin sifofin Faransanci bayan suna suke zuwa kuma suna bin jinsi, "une robe blanche" tamkar riga fara ce, "blanc" da "blanche" kamar fari da fara. Wahalarsu tana wurin "le" da "la", "un" da "une", domin jinsin Faransanci bai bi na Hausa ba. Rana a wurinmu mace ce, a can "le soleil" namiji ne. Wata a wurinmu namiji ne, a can "la lune" mace ce. Dole yaro ya haddace kowane suna tare da ɗan rakiyarsa tun ranar farko.

Akwai sauran sassa na "the" da ba su da wurin zama a firamare, kuma cusa su da wuri shi ke sa yaro ya yanke ƙauna. Ɗalibi yana cewa "I go to school" ba "the", amma uban da ya je ganin hedimasta "to the school" ya je. Ana cewa "the River Niger" amma "Lake Chad" ba ta ɗaukar komai. Ana cewa "Nigeria" tsirara amma "the Gambia". Irin waɗannan a bar su sai ƙaramar sakandare, lokacin da yaro ya karanta labarai da dama ya ci karo da su a wurarensu. Ɗan aji shida da ya iya ba da labari mai jimla biyar, ya shigo da mutum da "a", ya ci gaba da shi da "the", bai bar suna tilo tsirara ba, ya kuma sa sifarsa a gaban suna, ya samu abin da ake nema daga firamare a wannan fanni.